Faifan Garmaho Ko Dijital: Wanne Ya Fi Ingancin Sauti?



Faifan garmaho ya dawo da ƙarfinsa a duniya. A Amurka, a shekarar 2022, yawan fayafan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Muhawarar ta iso majalisunmu, har wasu na rantsuwa cewa kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ba sa fita sosai sai a faifai. Ni dai a ganina, in ana maganar fito da sauti yadda aka ɗauke shi, dijital ne a gaba.

CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma hakan ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a CD ta kai wajen desibel 96, alhali a faifai da wuya ta wuce 70. Shi faifai allura ce ke bin layukan da aka sassaƙa a jikinsa. Duk juyin da ya yi sai ya ɗan ci, ƙura na sa shi ƙas-ƙas, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiya ba sa fita tas kamar na baki. Taushin nan da masoya faifai ke yabo, ɗan jirkita sauti ne. Yana da daɗi a kunne, amma ƙari ne a kan abin da mawaƙin ya yi.

To me ya sa mutane ke jin faifai ya fi? Domin abin da suke gwada shi da shi gurgun dijital ne. Yawancin waƙoƙin da ke wayoyinmu MP3 ne da aka matse, wasu bayanan da ke cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na CD ba. An ciro su daga bidiyo, an sake matsewa, sannan a kunna a 'yar ƙaramar lasifikar Bluetooth. A haka dole faifan da aka ɗora a kan manyan lasifikoki ya yi nasara.

Saboda haka mai shirin haɗa kayan sauti a gida ya fara zuba kuɗinsa a lasifikoki masu kyau, ya ɗaga su daidai kunne, kada ya cusa su a kusurwar ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin fayafan da iyayenmu suka bari a akwatuna. Zafi na lanƙwasa su, danshin Kudu na sa musu funfuna, kuma ba kowace waƙa ce ke da kwafi mai kyau a intanet ba. Duk mai irinsu ya goge su da tsumma mai laushi, ya jera su a tsaye nesa da rana, sannan a juye su cikin kwamfuta a tsarin WAV ko FLAC, wanda ba ya zubar da komai. Wannan aiki ne da ƙungiyarmu za ta iya ɗauka, mu tara na'ura ɗaya, kowa ya kawo nasa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.