Zanzibar: Haƙƙin Daji A Kan Mai Yawon Buɗe Ido

A 'yan shekarun nan tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ya shiga bakin masu hali a cikinmu. Ango da amarya, ɗan kasuwa da iyalinsa, ma'aikacin da ya tara kuɗin hutu, duk can suke dosa, kuma dalilinsu a fili yake: yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran salla, abinci ba ya sa mutum waswasi. Sai dai hotunan da ake dawo mana da su kusan iri ɗaya ne: farin rairayi, shuɗin ruwan Tekun Indiya, da farantin kifi a otal. Mai karatu, ina ganin wanda ya yi mako guda bai fita daga harabar otal ba ya tauye kansa, ya kuma tauye waɗansu bayin Allah da rayuwarsu ta dogara da fitowarsa.

A kan hanyar da ta tashi daga birnin Zanzibar zuwa gaɓar Paje, inda manyan otal-otal suka yi jeri, akwai dajin Jozani, kimanin kilomita 35 daga birni. A 2004 aka ayyana shi a matsayin gandun daji na ƙasa, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 50, kuma shi ne mafi girman abin da ya rage na tsohon kurmin tsibirin. A cikinsa ake samun jan birin Zanzibar, wanda babu irinsa a dazukan wata ƙasa. Ƙidayar da masana suka wallafa a 2017 ta nuna cewa waɗanda suka rage ba su kai 6,000 ba.

Halittarsa kaɗai ta isa mai hankali ya yi tasbihi. Babban yatsan hannunsa ɗan dungu ne, da yatsu huɗu yake kama reshe. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne, shigen na dabbobi masu tuƙa, don haka ganye da ɗanyun 'ya'yan itace ne abincinsa, nunannu kuwa wahalar da shi suke yi. An kuma gan shi yana cin gawayi, wanda ke rage masa dafin da ke cikin ganyen mangwaro da makamantansa. Abin takaici, saran itace don yin wannan gawayin yana cikin manyan abubuwan da ke cinye masa mazauni.

Manomin ƙasar Hausa ya san abin da biri ke nufi a gona, na Zanzibar ma haka. Da harshen Suwahili suna kiransa "kima punju", wato biri mai dafi, saboda an yi imani cewa bishiyar da ya yi kiwo a kanta mutuwa take yi. Sun daɗe suna kuka da yadda yake cinye musu ƙananan kwakwa. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya gano cewa cin da yake yi bai rage amfanin da ake samu ba, to amma mutumin da ya tarar da ɓawon kwakwarsa a warwatse a ƙasa ba ya rarrasuwa da takardar masana. Abin da ya sassauta zukata shi ne tsarin da aka yi na ware wani kaso daga kuɗin shiga gandun, a ba manoman da abin ya shafa da ƙauyukan da ke kewaye don ayyukan raya su. Daga nan lissafi ya sauya: biri mai rai ya zama yana da daraja a wurin maƙwabcinsa. Kenan baƙon da ya baro otal ya yanki tikiti a ƙofar Jozani yana cikin masu riƙe da wannan sulhu, wanda ya ƙi fitowa kuwa ya bar manomi da ɓarna ba tare da diyya ba.

Amma zuwan baƙi ma yana da nasa nauyin. Titin da ke kai mutane gaɓar teku ya ratsa ta gefen dajin, motoci kuma sun sha take birai masu tsallakawa, har sai da aka gina tudun rage gudu a kan titin kafin mace-macen suka ragu. A Kizimkazi, kudancin tsibirin, masunta sun kasance suna farautar dolfin, dabbar ruwan nan mai siffar kifi da ke shayar da 'ya'yanta. A shekarun 1990 suka bar farauta suka koma kai baƙi kallonta, abin a yaba. Sai ga shi yanzu kwale-kwale masu inji sukan yi wa garke guda rubdugu, suna binsa a guje don baƙi su faɗa ruwa su ɗauki hoto, su hana uwa hutu da shayarwa. Kuɗin da ya ceci dabba daga mashi yana iya gallabarta ta wata hanya, idan mai biyansa bai san ya kamata ba.

Saboda haka ga shawarata ga mai niyyar tafiya. Ka ware aƙalla yini ɗaya don daji. Ka biya kuɗin shiga a ƙofa ka karɓi rasit, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin. Kada ka matsa kusa da biran, kada ka ba su abinci, domin murar da ba ta hana ka yawo ba tana iya kwantar da su. Ka bi gadar katako da aka shimfiɗa a cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke kare gaɓa daga zaizaya, ƙananan kifaye kuma ke girma a ƙarƙashinsu. In ka je Kizimkazi, ka faɗa wa mai kwale-kwale tun a tudu cewa ba ka son a kori dabba saboda kai, domin abin da baƙo ya nuna yana so shi ake sayar masa. Kafin ka bar garin, ka leƙa tsohon masallacinsa, wanda rubutun Larabci da ke jikin bangonsa ke ɗauke da shekarar Hijira ta 500, daidai da 1107.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma mabuɗi ba ya aiki sai an kai shi bakin ƙofa. Allah Ya ba mu amanar ƙasa da abin da ke cikinta, kuma amanar ba ta sauka daga wuyan mutum don ya tafi hutu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su da abin da ya fi hoto.