Wa zai gaya mana muryar wa ke cikin kaset ɗin?

Jama'ar Tasawa da Mayahi! Yau maganar gidajen radiyonmu za mu yi, da mutanen da suka tsufa a bakin makirfo.

Tun da aka buɗe radiyon karkara na farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje suka yi ta yaɗuwa har suka iso mana. Kafin nan sai dai mu kama Muryar Sahel daga Yamai, ko BBC da Jamus da Kaduna. Ranar da manomin Korgom ko mai saƙar tabarma a bakin Gulbin Kaba ya ji muryarsa da kansa a akwati, ai wani abu ne babba.

To sama da shekara ashirin ke nan. Ina muryoyin suke?

Mun san yadda aikin yake. Yaro ya shiga don sha'awa, ya fara da karanta sanarwar biki da ta ɓatan tunkiya, a hankali a ba shi fili. Kaɗan ne suka je IFTIC a Yamai, galibi a hannun na gaba suka koya. Albashi kuwa, sai abin da sanarwa ta kawo ko wani proje ya bari. Da wannan ƙaramin ƙarfi suka bi ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar tsofaffi: labarin barnar da Voulet da Chanoine suka yi kafin ajalinsu ya same su a wajen Maijirgi a 1899, yunwar El Buhari ta 1984, wahalar 2005, kirarin ƴan kokowa, waƙoƙin daka da na gayya waɗanda ƴan matan yanzu ba su iya ba. Da yawa daga masu ba da labarin sun riga mu gidan gaskiya.

Rashin kuɗin sabon kaset ya sa an sha ɗora sabon shiri a kan tsoho. Waɗanda suka tsira suna cikin kwali, zafi na manne zaren, ƙura da gara na nasu aikin. Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa kwamfuta ta magance komai. Kaset ya fi ta haƙuri ma: kwamfuta ta cika a goge, ta mutu a tafi da aikin shekara biyar dare ɗaya.

Amma abin da ya fi damunmu ba zaren ba ne. Yawancin kaset ɗin nan babu rubutu a jikinsu, in ma akwai, kalma ɗaya ce, "hira" ko "tarihi". Mutum guda ne zai saurara minti ɗaya ya ce wannan sarkin noman gari kaza ne, a damina kaza muka ɗauke shi: wanda ya riƙe rakodar. In ya tafi, ko an kwafe sautin tsaf, murya ce kawai ba suna ba gari. Su kuma tsofaffin ma'aikatan nan, wasu sun koma gona, wasu kasuwa, ba fansho, ba mai tambayarsu.

Shi ya sa muke ganin da su ya kamata a fara, ba da jiran na'urori daga Turai ba. A nemo radiyo mai kaset da ke aiki tun ana samunsu, a haɗa da kwamfuta, a zaunar da tsohon ma'aikaci a gefe yana faɗa, yaro yana rubuta suna da gari da shekara. Kuma a biya shi, don aiki ne. Kaset na minti 60 minti 60 yake ci wajen kwafa, ba gajeriyar hanya. Kaset ɗari, a yi biyu kullum, kwana 50 ne.

A yi kwafi uku: ɗaya a gidan radiyo, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a kai IRSH ko CELHTO a Yamai, inda adana tarihin baka shi ne aikinsu. Kuɗin bai kai na walimar buɗe taro ɗaya ba.

Wanda ke da tsohon kaset na shirin radiyo a gida, ya rubuta mana sunan garinsa a ƙasa, mu san inda za a fara tattarawa.