Gonar inabi: a je a ga noma, a bar musu kofinsu

A watan Satumba wata tsohuwar ɗalibata da ke karatun aikin gona a Dijon, ƙasar Faransa, ta turo mini saƙo. Makarantarsu za ta kai su gonar inabi a ƙauye lokacin girbi, kuma a ƙarshen ziyara akwai ɗanɗana giya. Ta ce: "Malam, in na ƙi zuwa na rasa darasi, in na je me zan ce wa Baba?"

Na ce mata ta je gonar, ta bar teburin giyar. Ina ganin amsar da ya kamata iyaye da malamai mu shirya wa ƴaƴanmu ke nan tun kafin su hau jirgi.

Giya haramun ce ga Musulmi, babu ja a nan. Malamai ma sun hana zama a teburin da ake shanta. Masu ɗanɗanon kan kurkure baki su tofar, amma wannan bai zama mafita gare mu ba. Sai dai gona daban, tebur daban. Inabi ɗan itace ne halal, kuma akwai ilimi a nomansa.

A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka, yana cin saiwar inabi, ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa. Abin da ya ceci manoman shi ne aure: suka ɗaura reshen inabinsu a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa. Dabarar da masu garka ke yi wa mangwaro ke nan a ƙasarmu. Haka kuma Louis Pasteur, a binciken abin da ke lalata giya ne ya nuna cewa ɗumama ta na kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta. Yau da wannan hanyar ake tsare madarar da yaranmu ke sha. Ɗalibar noma da ta tsaya a ɗaki ranar nan ta yi asarar ganin yadda ake sassabe reshe, da yadda ake sanin ƙasa fegi-fegi.

Wani uba zai ce wanda ya yi kusa da wuta shi ke jin zafinta, gara a nisanta. Ina girmama wannan tsoro. Amma yarinyar da za ta yi shekara uku a ƙasar da ake ajiye kwalba a kan teburin abincin rana ba ta da inda za ta ɓuya. Za a miƙo mata kofi a bikin abokiya, ko a liyafar wurin aiki. Wadda ba ta taɓa koyon cewa "na gode, ba na sha" da sakin fuska ba, ita kunya ke kayarwa.

Laifinmu ne a makaranta. Muna koya musu nahawun Faransanci shekara da shekaru, ba mu taɓa sa su gwada ƙin tayi cikin ladabi ba. Minti goma a aji ya isa: ɗaya ya miƙa, ɗaya ya ƙi, a sake.

Ɗalibata ta gaya wa malaminsu tun kafin tafiya. Ta zaga gonar, ta cika littafinta, da aka shiga ɗakin ɗanɗano ta tsaya waje da ruwan inabin da ba a tsima ba. Da daddare ta kira babanta ta ba shi labari duka.