Kafin ka biya kuɗin gigabait, tuna da abin da ya sami LifeDrive

A watan Mayun 2005 kamfanin palmOne na Amurka, wanda daga baya ya koma amfani da sunan Palm, ya fitar da wata na'urar hannu mai suna LifeDrive a kan dala 499. Ba waya ba ce. Tana cikin ƙananan kwamfutocin aljihu da ake kira PDA, waɗanda ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa ke ajiye lambobin mutane, jadawalin taro da gajerun rubuce-rubuce a cikinsu. Abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta shi ne faifan ajiya mai gigabait 4 da aka dasa mata, a lokacin da yawancin irin waɗannan na'urori ke ƙirga ma'adanarsu da megabait.

A takarda, ba ta da makusa. Tana da fuska mai launi, tana hawa intanet ta Wi-Fi, tana da Bluetooth, tana kunna waƙa da bidiyo, tana naɗar murya, tana buɗe takardun Word da Excel. Mai ɗaukar hoto na iya zare katin kyamararsa ya saka mata, ta kwashe hotunan. Idan aka jona ta da kwamfuta, sai ta zama rumbun ajiye fayiloli. Sunan kansa alkawari ne: duk rayuwarka a aljihunka.

Amma ba ta cika shekara biyu a kasuwa ba. A farkon 2007 aka daina ƙera ta. Muna ganin dalilin faɗuwarta darasi ne ga duk wanda ke shirin sayen waya a yau.

Abin da aka fi tallata ta da shi, shi ne ya kayar da ita. Faifan nan, wanda kamfanin Hitachi ya ƙera, irin mai juyawa ne, ƙanin wanda ke cikin kwamfuta. Don kada ya shanye batir, yakan tsaya idan ba a aiki da shi. Da zarar mutum ya taɓa wata manhaja, sai ya jira faifan ya tashi ya fara juyi kafin ta buɗe. Daƙiƙu ne kawai, amma masu gwada na'urori a lokacin sun yi ta kokawa a kansu, kuma da gaskiyarsu. Mutum na tsaye gaban abokin hulɗa yana son rubuta lamba, na'urar dala ɗari biyar tana ta tunani.

Abin takaicin shi ne da saurin amsawa Palm ya yi suna. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro na'urar Pilot da ta fito a 1996, ya yi ta yawo da guntun katako a aljihun rigarsa yana kwatanta yadda zai riƙa amfani da ita, don ya gano abin da mutum ke buƙata da gaske. Sakamakon shi ne na'ura mai ayyuka kaɗan da ke buɗewa nan take. LifeDrive ta ƙara ayyuka, ta ƙara nauyi da kauri, ta rasa wannan saurin. Ga shi batirin a rufe yake, mai ita ba ya iya canzawa cikin sauƙi, faifai mai juyawa kuwa ba ya son faɗuwa ƙasa.

Kasuwa ba ta jira ba. A watan Satumban shekarar, Apple ya janye iPod mini mai irin wannan ƙaramin faifai, ya kawo iPod nano mai ma'adanar filas wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Wata guda bayan haka Palm da kansa ya fitar da samfurin TX a kan dala 299, mai ƙaramar ma'adana amma mara faifai, kuma ya fi LifeDrive daɗewa a kasuwa. A Janairun 2007 aka gabatar da iPhone ta farko. Ƙaramarta gigabait 4 ce, farashinta dala 499, duk da cewa sai an ɗaura kwantiragi da kamfanin layi. Ma'adana ɗaya, lamba ɗaya a kan farashi, amma ɗaya ta buɗe sabon zamani, ɗayar ta shige tarihi. A 2010 kamfanin HP ya saye Palm a kan kusan dala biliyan 1.2.

Adalci ne a faɗa cewa tunanin Palm daidai ne. Wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta tana yin duk abin da LifeDrive ta yi alkawari. Kuma babbar ma'adana tana da amfani. Inda data ke da tsada, sabis kuma ke ɗaukewa, wanda ya sauke karatu, wa'azi ko fim ya ajiye ya huta da saye sau biyu. Wayar da WhatsApp ya cika ta cikin watanni ita ma wahala ce. Abin da muke ja da shi shi ne a mayar da lamba ɗaya ta zama ma'aunin komai.

Haka kuwa ciniki ke tafiya har yanzu, daga Farm Centre a Kano zuwa shagunan intanet: “Giga nawa ce?” Da an ji 256, sai a fara lalubar aljihu. Ba kasafai ake tambayar wace irin ma'adana ce ba, alhali akwai eMMC da ake sakawa a wayoyi masu araha, akwai kuma UFS da ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Haka ma RAM da ake rubutawa a kwali kamar “8+8”. Takwas ɗin farko ne na ainihi. Na biyun aro ne daga ma'adana, kuma bai kai na ainihin sauri ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Saboda haka, kafin ka biya, karɓi wayar a hannu. Buɗe kyamara, rufe, buɗe lambobi, koma kyamara, ka ga ko tana jan ƙafa. Duba gigabait nawa ya rage bayan abin da manhajojin kamfani suka cinye. Tambayi shekara nawa za ta ci gaba da samun sabuntawa, sannan ka tambayi mai gyara ko ana samun batirinta da gilashinta. Idan duk hotunanka da takardunka za su koma cikinta, tanadi wani wurin da za ka ajiye kwafinsu, domin ranar da ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta, yawan gigabait shi ne yawan asarar.

Nauyin bai kamata ya tsaya kan mai saye kaɗai ba. Tun 20 ga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi ɗaukar tambarin da ke nuna ƙarkon batir, jure faɗuwa da sauƙin gyara, ta kuma tilasta wa kamfanoni sabunta manhajar waya na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Hukumar NCC da ke tantance wayoyin da ke shigowa Najeriya, da hukumar kare masu saye ta FCCPC, suna iya neman a rubuta irin wannan bayani a jikin kwali, tare da irin ma'adana da adadin RAM na ainihi. Kamfanonin da ke sayar da miliyoyin wayoyi a ƙasar nan sun san waɗannan alƙaluma. Mai biyan kuɗin ma yana da haƙƙin ya sani.