Gara Na'ura Ta Dakata Da A Sami Littafi Biyu

Bankuna kan haɗa kwamfutoci da dama a kan rumbun bayanai guda. In sadarwa ta yanke tsakaninsu, kowane ɓangare yana iya ci gaba da rubuta nasa. Haka ta faru da kamfanin GitHub na Amurka a Oktoban 2018: yankewar daƙiƙa 43 ta bar bayanai masu karo da juna, gyara ya ci sa'o'i 24.

Maganin sananne ne: kada a tabbatar da rubutu sai na'urori biyu cikin uku sun amince, wadda ta ware kuwa ta dakata. A ganinmu, ɗan kasuwa zai jure jinkiri. Abin da ba zai lamunta ba shi ne a cire kuɗinsa a Legas, su ƙi isa Onitsha, kamar yadda aka sha fama lokacin ƙarancin takardun Naira a 2023.