Ya Kamata Shugabannin Jami'o'i Su Riƙa Amsa Ɗalibai a Soshiyal Midiya

Wanda ya leƙa shafukan Facebook da X na shugabannin manyan makarantu da dama a Najeriya ya san abin da zai tarar: hoton tarbar gwamna, hoton buɗe sabon gini, sai saƙon barka da sallah. A ƙarƙashin hoton kuwa ɗalibai ne ke ta tambayar ranar da za a buɗe rajista, ko dalilin da ya sa babu ruwa a ɗakunan kwanansu. Ba mai tanka musu. Shafin da ba a amsa tambaya a cikinsa bai wuce allon manna takarda ba.

Santa Ono, wanda ya shugabanci Jami'ar Cincinnati ta Amurka daga 2012 zuwa 2016, ya yi suna ne saboda yadda yake hira da ɗalibai kai tsaye a Twitter, dandalin da yanzu ake kira X. Ɗalibi zai rubuta kukansa, shugaban ya amsa masa da kansa a bainar jama'a. Amfanin hakan ya wuce ɗalibin da aka amsa wa, domin ma'aikacin da ya san shugaba na karanta ƙorafi ba zai bar takarda ta yi wata guda a kan teburinsa ba.

Jami'ar Missouri ta ga ɗaya gefen a 2015. Ɗalibai baƙar fata sun daɗe suna kukan wariyar launin fata, suna zargin shugaban jami'ar, Tim Wolfe, da yin kunnen uwar shegu. A watan Nuwamba 'yan ƙungiyar ƙwallon makarantar suka sanar a Twitter cewa ba za su sake buga wasa ba sai ya sauka. Cikin kwana biyu ya ajiye aiki. Maganar ta daɗe tana yawo a wayoyin ɗalibai kafin ta kai ga haka.

A Najeriya babbar matsalar jita-jita ce. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, labaran komawa makaranta sun yi ta zagaya zaurukan WhatsApp, wasu gaskiya wasu ƙarya. Haɗa takardar bogi mai tambarin jami'a da sa hannun magatakarda aikin 'yan mintuna ne a waya. Ɗalibin da ya kashe kuɗin mota daga Maiduguri zuwa Sakkwato saboda irin wannan takarda, layi biyu daga shafin shugaban makarantarsa sun isa su hana shi tasowa.

Masu cewa shugaba ba shi da lokaci, kuma zagi zai sha, suna da hujja. Ba dole ne ya amsa kowa ba, kuma ba laifi jami'in hulɗa da jama'a ya tace masa saƙonni. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne idan shugaba ya mayar da shafin wurin farautar ɗaliban da suka soke shi. Ranar da aka kira ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa saboda ya ɗora hoton banɗakin da ya lalace, sauran za su koma ƙorafi da sunayen bogi.

Sai batun sojan gona. Tun da X da Meta suka fara sayar da shuɗin tambarin nan ga mai biyan kuɗin wata, tambarin kaɗai ya daina wadatarwa, ga kuma 'yan damfara da ke buɗe shafi da sunan shugaba suna tallar gurbin karatu ko aiki. Kamata ya yi kowace jami'a ta jera adireshin shafukanta na gaskiya a gidan yanarta mai ƙarewa da edu.ng, ta kunna tantancewa mai mataki biyu, ta kuma sauya kalmar sirri duk lokacin da mai kula da shafin ya bar aiki. Tashoshin WhatsApp, waɗanda aka ɓullo da su a 2023, sun dace da sanarwar gaggawa, domin masu bi ba sa ganin lambar juna, kuma manhajar ce ɗalibai suka fi buɗewa ko data ta kusa ƙarewa.