Faɗakarwa ga Masu Riƙon Dukiyar Wakafi Kan Wanda Ya Cancanci a Ba Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani tara dukiyar alheri ya fi raba ta sauƙi. Mai wakafi yakan mutu ya bar dukiya a hannun wakilai, sa'an nan ƙungiyoyin taimako su taru a ƙofa, kowace da hujjarta, dukiyar kuwa ba ta isarsu duka. To, da wane mudu za a auna? Abin da na gani shi ne kada a ba kowa sai bisa sharaɗi rubutacce wanda kowa ya sani, kuma a bi sawun abin da aka bayar har a ga inda ya sauka.

Ga misali daga Amurka, domin hikima abin tsintuwa ce ko'ina aka same ta. Akwai wani attajirin ƙarfe, Andru Kanegi, haifaffen Sikotilan, wanda ya rasu a 1919. Da dukiyarsa aka gina gidajen littattafai 2,509 tsakanin 1883 da 1929, 1,689 daga cikinsu a Amurka. A 1911 ya kafa asusu mai wakilai domin ci gaba da rabon.

Garin da ya nemi gini, magatakardansa Jems Batram yakan aika musu da tambayoyi: mutanenku nawa, kuna da wani gidan littattafai? Sa'an nan ga sharuɗɗa. Garin ya ba da fili, ya buɗe ƙofa ga masu karatu ba biya, ya kuma yi alkawarin fitar da ushira, watau ɗaya cikin goma na kuɗin ginin, kowace shekara daga harajinsa don hidimar wurin. Garin da aka ba dala 10,000 ya ɗauki nauyin dala 1,000 duk shekara.

Wannan sharaɗi ya yi mini daidai ta fuska biyu. Ta farko, ya toshe ƙofar sanayya da daɗin baki, domin mai iya roƙo da mai kunya tambaya ɗaya suke amsawa. Ta biyu, ya tilasta mai nema ya faɗi wanda zai riƙe aikin bayan mai bayarwa ya juya baya. Rijiya nawa aka haƙa da sadaka ta rufta don ba a ambaci mai yasarta ba?

Amma kada in ɓoye muku aibinsa. Garin da ya fi kowa talauci shi ya fi kasa alkawarin ushira, sai mudun ya kori wanda ya fi bukata. Don haka ina ganin lalle wakilai su keɓe wani kaso ga wanda ba shi da abin jingina sai gaskiyarsa, su taka da ƙafarsu su duba shi.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne na ƙarshe. A 1915 wakilan asusun suka aiki wani masani, Albin Jonson, ya zaga gine-ginen. Ya komo da labarin cewa da yawansu ba su da ƙwararrun masu kula da littattafai, amfaninsu ya gaza. Gani ya kori ji. A 1917 suka daina alkawarin sabon gini, daga baya suka karkatar da kuɗi ga horar da ma'aikata. Sun bar abin da ake yabonsu a kai saboda hujja ta bayyana.

Ya ɗan'uwana malami, in an sa ka cikin masu rabon wakafi, dukiyar ba taka ba ce balle ka yi kara da ita. Ka rubuta sharaɗinka kafin masu nema su zo. Ka tambayi kowace ƙungiya wa zai riƙe aikin baɗi. Wadda ka hana, ka gaya mata dalili. In shekara ta kewayo, ka je ka gani. Wanda ya ba surukinsa ya hana marayu, za a tambaye shi ranar da babu suruki.

Allah ya sa mu fita haƙƙin amana. Wassalamu.